Sauya jami'a a Amurka: Yadda karatun ɗalibai ke salwanta a kan iyakar jiha

A Amurka ana auna karatun jami'a ne da kiredit, wato ma'aunin nauyin kowane kwas. Yawancin kwasa-kwasai kiredit 3 ne, digirin farko kuwa kan buƙaci kimanin 120. Ɗalibin da ya fara karatu a wata kwaleji, ko ya ci wasu jarrabawa na musamman, yana iya neman a ƙirga masa su idan ya koma wata jami'a. Sai dai babu dokar tarayya da ta tilasta karɓarsu. Wuƙa da nama suna hannun jami'ar da ya koma.

Girman asarar

A 2017, ofishin GAO mai yi wa majalisar dokokin Amurka bincike ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun rasa kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Tsakanin makarantun gwamnati, asarar kashi 37 ce. Waɗanda suka baro makarantun kuɗi masu neman riba zuwa na gwamnati kuwa sun rasa kashi 94.

Duk kwas ɗin da aka ƙi karɓa sai an maimaita shi, an kuma sake biyan kuɗinsa. 'Ya'yan talakawa ne suka fi ji a jikinsu, domin tallafin Pell da gwamnatin tarayya ke ba su ba ya wuce zangon karatu 12.

Me ya sa iyakar jiha ke da tasiri?

Jihohi ne ke da jami'o'in gwamnati, kuma kowace da tsarinta. Florida ta bai wa kwasa-kwasan makarantunta lambobi iri ɗaya domin sauƙaƙa sauyi. A 2010 Kalifoniya ta kafa dokar da ta buɗe wa ɗaliban kwalejojinta na shekara biyu hanyar shiga jami'o'in jihar. Amma irin wannan kariya ba ta tsallake iyaka.

Wanda ya zo daga wata jiha, ɗaya bayan ɗaya ake tantance kwasa-kwasansa. Ana duba ko tsohuwar makarantarsa na da amincewar hukumar tantancewa, ko ya sami aƙalla sakamakon C, da kuma ko manhajar ta dace da tasu. Kalandar karatu ma kan rage masa: kiredit 3 na makarantar da ke raba shekara gida huɗu daidai yake da 2 a mai zango biyu.

Akwai kuma tarkon da ba a cika lura da shi ba: karɓar kiredit daban, ƙirga shi cikin sharuɗɗan digiri daban. Jami'a na iya karɓar kwas a matsayin na zaɓi kawai, sashen da ɗalibin ke karatu ya ce sai ya sake nasu. Jami'o'i da dama kuma na sharɗanta a yi aƙalla kiredit 30 a cikinsu.

Kiredit na jarrabawa

Fitattu uku ne: AP da CLEP na ƙungiyar College Board, sai IB. Makin AP daga 1 zuwa 5 ne. A 2015 Texas da Illinois sun yi dokokin da suka sa maki 3 ya zama ma'aunin samun kiredit a jami'o'in gwamnatinsu. Wasu jami'o'in sai 4 ko 5, Dartmouth kuwa ta daina ƙirga AP cikin kiredit ɗin kammala digiri. Galibi kiredit ɗin jarrabawa da tsohuwar kwaleji ta bayar ba ya bin ɗalibi. Sai an aika makin daga tushe, sabuwar jami'ar ta auna shi da nata ma'aunin.

Abin da ke hannun ɗalibi

Dokar ilimi mai zurfi ta 2008 ta wajabta wa makarantu bayyana ƙa'idojinsu na karɓar kiredit. Ya kamata ɗalibi ya karanta su, ya adana manhajar kowane kwas, ya nemi sakamakon tantancewa a rubuce kafin ya biya kuɗin rajista, ya kuma ɗaukaka ƙara idan an ƙi wani kwas. Masu zuwa daga ƙasashen waje, har da Najeriya, sau da yawa sai wata cibiya irin WES ta fara tantance takardunsu. Ko a nan ma, hukuncin ƙarshe na jami'ar ne.