Tarihin Sake Gina Mama da Jakar Silikon da Yadda Tsarin Jinyarsa Ya Samo Asali

Matar da aka cire wa mama saboda sankara, aka kuma sake gina mata shi da jakar roba a manyan asibitocin Turai ko Amurka a yau, takan koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu, ɗauke da siririn tiyo mai tsane ruwa daga ƙirji, da takardar da ke koya mata motsa kafaɗa, da ranar da za ta dawo a duba ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ya samo asali ne daga wata matsala da likitoci suka yi shekaru suna fama da ita, kuma idan aka bi diddigi za a tarar cewa nauyin jinyar da tsawonta sun rataya ne a kan abin da likitan da ya cire ciwon ya bari a ƙirji, wato fata da tsoka.

Zamanin cirewa gaba ɗaya

A shekarar 1894 William Halsted, babban likitan tiyata na Asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya wallafa sakamakon aikin da ya mamaye maganin sankarar mama na kusan shekara 80. A fahimtarsa, ciwon yana yaɗuwa ne daki-daki daga mama zuwa kaluluwar hammata kafin ya kai sauran jiki, saboda haka yakan cire maman da fatar da ke kansa da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata a lokaci guda, sau da yawa kuma sai an ɓanɓaro fata daga wani sashe na jiki kafin a iya rufe wurin. Matar da ta tashi daga wannan aiki takan yi makonni a gadon asibiti, ta fita da ƙirji a lotse har ana ganin haƙarƙari, kafaɗa ta sandare, hannu kuma ya riƙa kumbura domin an datse hanyoyin da ruwan jiki ke bi ya koma cikin jini. Halsted bai goyi bayan a sake gina wurin ba, don yana ganin hakan zai iya ɓoye ciwon idan ya dawo, kuma nauyin sunansa ya sa ƙoƙarin wasu bai yi nisa ba. Vincenz Czerny ya ɗauko dunƙulen kitse daga bayan wata majiyyaciya ya cike mata gurbin ƙarin da ya cire daga mamanta a Heidelberg ta Jamus a 1895, Iginio Tansini na Italiya kuma ya juyo da tsokar baya da fatarta zuwa ƙirji a 1906, amma sai da aka shiga shekarun 1970 kafin a waiwayi dabarar Tansini da gaske.

A wancan zamani ana auna nasarar likita ne da yawan shekarun da majiyyaciya ta rayu, yadda za ta iya taje kanta ko ta sa riga kuwa ba a ɗauke shi aikin asibiti ba. Wadda ta fara cike wannan giɓi wata majiyyaciya ce, Terese Lasser, wadda aka yi wa aikin a New York a 1952, ta kuma rasa mai gaya mata abin da zai biyo baya. Daga nan ta shiga ziyartar matan da ke kwance a asibiti, tana kai musu ƙwallon roba na matsawa da igiyar miƙa hannu da maman wucin gadi na sawa a riga, tana nuna musu yadda za su fuskanci bango su riƙa hawa da yatsu sannu a hankali har kafaɗa ta saki. Ƙungiyar da ta kafa, Reach to Recovery, ta koma ƙarƙashin ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka a 1969, kuma har yanzu hawan bango da yatsu yana cikin darussan farko da masu gashin ƙashi ke koyarwa bayan irin wannan tiyata.

Zuwan jakar silikon

Kafin a samu abin da jiki zai iya zama da shi, an gwada allurar kakin farafin a ƙarshen ƙarni na 19, an gwada soson roba a shekarun 1950, dukkansu kuwa sun ƙare da taurarewa da ruɓa da miki. Sauyin ya zo ne a Houston ta jihar Texas, inda Thomas Cronin da Frank Gerow, tare da kamfanin Dow Corning, suka ƙera jaka mai santsi cike da silikon mai kauri, suka dasa ta a jikin mutum karon farko a 1962. Silikon wani sinadari ne mai laushi da danƙo wanda ba ya narkewa a jiki, kuma bayan 'yan shekaru Henri Arion na Faransa ya fito da wata jakar da ake cikawa da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa. An ƙirƙiri waɗannan jakunkuna ne don ƙara girman mama, kuma ba su da inda za su zauna a ƙirjin da aka yi wa aikin Halsted, tun da ba fata ba tsoka.

Hanya ta buɗe ne daga ɓangaren likitocin sankara. David Patey na Asibitin Middlesex a Landan ya nuna a 1948 cewa ana iya barin babbar tsokar ƙirji ba tare da an rage wa majiyyaciya damar tsira ba, binciken da Bernard Fisher ya fara a Amurka a 1971 kuma ya tabbatar da cewa faɗaɗa yanka ba ya ƙara kwana. A shekarar 1971 ɗin ce Snyderman da Guthrie suka ba da rahoton sa jakar silikon ƙarƙashin fatar da ta rage bayan cire mama, sai dai fatar takan yi siriri ƙwarai, wani lokaci ta mutu jakar ta leƙo waje. Matsala ta biyu ita ce tantanin tabo da jiki ke saƙawa kewaye da duk wani baƙon abu, wanda a wasu mata yakan tsuke ya matse jakar har maman ya yi tauri, ya karkace, ya riƙa zafi, abin da James Baker ya kasa mataki huɗu a 1975. Don kauce wa waɗannan biyun likitoci suka koma cusa jakar ƙarƙashin tsokar ƙirji, wanda ya ba ta kariya amma ya ƙara wa mai jinya wahala, domin tsokar da aka ɗaga daga haƙarƙari takan yi makonni tana ɗaurewa, kuma ko bayan warkewa maman yakan motsa duk sa'ad da matar ta tura ƙofa ko ta ɗaga kaya.

Miƙa fata da tsane ruwa

Ƙarancin fata shi ne abin da Chedomir Radovan ya magance da balan-balan na silikon da ya gabatar a 1976, ya kuma wallafa amfaninsa a gyaran mama a 1982, bisa abin da kowa ya sani cewa fata mai rai tana miƙewa idan aka tura ta a hankali, kamar yadda cikin mace ke yi lokacin goyon ciki. Ana sa balan-balan ɗin kusan wayam a ranar tiyata, bayan mako biyu ko uku kuma, idan ɗinki ya kama, majiyyaciya ta fara zuwa asibiti kowane mako ko bayan mako biyu. A irin na zamani akwai ƙaramar ƙofa mai ƙarfe a jikinsa, wadda ma'aikaciyar jinya ke lalubowa ta saman fata da ɗan maganaɗisu, ta yi alama da biro, ta soka allura ta tura ruwan gishiri mililita 50 zuwa 100. Allurar ba ta cika zafi ba saboda fatar wurin ba ta jin taɓawa sosai, amma ƙirji yakan ɗaure na yini ɗaya ko biyu, barci kuma ya yi wuya sai an jingina da matasai. Bayan wasu watanni, ko bayan an gama kemoterafi da gashin na'ura idan ana buƙatarsu, sai a yi ƙaramar tiyata ta biyu a musanya balan-balan ɗin da jaka ta dindindin. Da wannan dabara jinyar ta tashi daga kwanciya guda mai tsawo ta zama zirga-zirgar watanni tsakanin gida da asibiti.

Tiyon tsane ruwa shi ma yana da nasa asali. Gurbin da aka cire mama yakan tara ruwa, ruwan kuma yakan hana fata mannewa ya zama matattarar ƙwayoyin cuta, abin da ya fi haɗari idan akwai jaka a ciki, domin ƙwayoyin da suka manne mata ba sa jin magani sosai, har takan kai a cire ta. Henri Redon ya fito da kwalba mai zuƙo ruwa a rufe a Faransa a 1954, a 1971 kuma Jackson da Pratt, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka, suka bayyana tiyon da ke ƙarewa da ƙaramin ƙoƙon roba da ake matsewa a toshe. Sauƙinsa ne ya ba da damar sallamar majiyyaciya da wuri, ita da kanta take juye ruwan sau biyu ko uku a yini tana rubuta yawansa, tana lura da yadda launinsa ke sauyawa daga ja zuwa ruwan ɗorawa, har ya sauka ƙasa da kimanin mililita 30 a yini, galibi cikin mako ɗaya zuwa uku, a zare shi. Zazzaɓi ko jan fata mai yaɗuwa ko kumburin gefe ɗaya farat ɗaya su ne alamun da ake gargaɗinta kada ta kwana da su a gida.

Rikici, doka da sauƙaƙa jinya

A 1992 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ƙarƙashin David Kessler, ta taƙaita amfani da jakar silikon saboda zargin tana haddasa cututtukan garkuwar jiki, ta bar ta ga masu sake gina mama a ƙarƙashin bincike kawai. Ƙararraki sun durƙusar da Dow Corning a 1995, amma babban rahoton masana na 1999 bai sami hujjar zargin ba, aka kuma dawo da jakar kasuwa a 2006. A tsakiyar wannan ne dokar Amurka ta 1998 ta wajabta wa kamfanonin inshorar da ke biyan kuɗin cire mama su biya na sake gina shi. Daga baya an gano a 2010 cewa kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, a 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu kaushin baya saboda alaƙarsu da wani nau'in ciwon daji na ƙwayoyin garkuwa wanda ba kasafai ake samunsa ba. Darasin da aka ɗauka shi ne jakar ba ta zama har abada, tana iya fashewa ko ta buƙaci canji, don haka hukumar ta Amurka ke ba da shawarar ɗaukar hoton mai ɗauke da silikon bayan shekara 5 ko 6, sannan duk bayan shekara 2 ko 3.

Ta fuskar tiyata kuwa, Toth da Lappert sun bayyana cire mama tare da barin fatarsa a 1991, daga baya aka kai ga barin kan maman ma ga waɗanda ciwonsu ya yi nesa da shi. A 2005 Breuing da Warren suka yi amfani da fatar da aka wanke ƙwayoyinta, aka bar saƙarta kawai, a matsayin majanyin da ke tallafe jakar daga ƙasa, wanda ya sa ana iya sa jaka ta dindindin a tiyata ɗaya, ya kuma ba da damar mayar da ita saman tsoka a shekarun 2010, inda zafi ya ragu. Tsarin gaggauta murmurewa da Henrik Kehlet na Denmak ya assasa a shekarun 1990 ya iso wannan fanni da ƙa'idojin 2017, waɗanda suka haɗa da rage azumin kafin tiyata, kashe zafi ba tare da dogaro da magunguna masu sa maye ba, da tayar da majiyyaciya ta taka tun a ranar farko. Duk da haka akwai abin da bai sauya ba: ana hana ɗaukar kaya mai nauyi na mako 4 zuwa 6, gajiya takan daɗe, maman da aka gina ba ya jin taɓawa kamar na asali kuma yakan fi sauran jiki sanyi, gashin na'ura kuwa yana ƙara yiwuwar taurarewa. Ma'aunin tambayoyi na BREAST-Q da Andrea Pusic da abokan aikinta suka fitar a New York a 2009 ya sa ra'ayin majiyyaciya ya shiga lissafi, kuma da shi aka gano cewa, bayan shekara biyu, matan da aka gina musu da naman jikinsu sun fi masu jaka gamsuwa, ko da yake jinyarsu ta farko ta fi tsawo.

A Nijeriya, inda sankarar mama ta fi kowane ciwon daji yawa a tsakanin mata, akasarin majiyyata suna isa asibiti ne bayan ciwon ya yi nisa, sau da yawa ya riga ya ci fata, saboda haka ba a samun abin da za a rufe jaka da shi, ga buƙatar gashin na'ura, ga kuɗin da iyali ke biya daga aljihu. Wannan ya sa sake gina mama bai yawaita ba, ko da yake akwai likitocin gyaran jiki a asibitocin koyarwa. Abin da ya fi saurin isa ga irin waɗannan mata daga cikin wannan tarihi shi ne ɓangarensa mai araha, wato kula da tiyon tsane ruwa, motsa kafaɗa da wuri, lura da kumburin hannu, da maman roba na sawa a cikin rigar mama.