Daga fada zuwa dandali: tarihin waƙar wasan kwaikwayon Marathawa

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya, a Filinge yake ko a Yamai ko Kano, kunnensa ya san muryar Lata Mangeshkar ko da bai san sunanta ba. A hannun mahaifinta, Dinanath Mangeshkar, ta fara koyon waƙa. Shi kuwa mawaƙin dandali ne a ƙasar Marathawa, jihar Maharashtra ta yau, kuma sana'arsa ita ce natya sangit, waƙar da ake rerawa cikin wasan kwaikwayo bisa ƙa'idar tsohon kiɗan Indiya.

Wannan kiɗa a da na fada ne. Ana gina shi a kan raga, wato tsarin sautuka da aka ƙayyade hawansu da saukarsu, kowanne da lokacin da ya dace a rera shi, wani da asuba, wani sai dare ya raba. Almajiri yakan kwashe shekaru a gidan malaminsa kafin a ba shi izinin buɗe baki gaban mutane. Mutumin Kurfai da ya san tazarar da ke tsakanin makaɗin sarki da mai gogen dandali zai gane cewa irin wannan kiɗa bai cika isa kunnen talaka ba.

A 1843 Vishnudas Bhave ya nuna wasan Sita Swayamvar a fadar sarkin Sangli. Amma Annasaheb Kirloskar ne ya kafa tubalin natya sangit, lokacin da ya nuna Shakuntal a birnin Pune a 1880, ya bi da Saubhadra a 1882. A wurinsa ɗan wasa da kansa yake rera abin da ke cinsa a rai, ba mai ba da labari kaɗai ba. Waƙar ta ɗauki har maganar gyaran al'umma: Sharada na Govind Ballal Deval, a 1899, ya soki aurar da yarinya ƙarama ga tsoho saboda dukiyarsa.

Sana'ar ta kai ganiyarta da Narayan Rajhans, wanda aka haifa a 1888. Yana yaro jagoran kishin ƙasa Lokmanya Tilak ya ji waƙarsa, ya laƙaba masa suna Bal Gandharva, sunan kuma ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. A zamanin mata ba sa hawa dandali, don haka shi ne yake fitowa a matsayin mace. Ya ƙware har matan birni suna kwaikwayon yadda yake ɗaura sari. Govindrao Tembe ya tsara masa waƙoƙin wasan Manapman a 1911, sannan a 1916 babban malamin raga Bhaskarbuwa Bakhale ya tsara na Swayamvar. A ganina nan ne gwanintar take. Raga da gwani zai yi awa guda yana warwarewa, sai a dunƙule ta cikin 'yan mintoci ba tare da ta rasa kamanninta ba, sarangi da tabla da ogan suna bin murya. In ta yi wa jama'a daɗi su ce a sake, a sake kuma, wasa ya kai tsakar dare. Ta haka akawu da ɗan kasuwa suka koyi bambanta wata raga da wata, da kuɗin tikiti kawai.

Fim mai magana ne ya karya kasuwar. Bayan fitowar Alam Ara a 1931 'yan kallo suka koma silima, ƙungiyoyin wasa suka yi ta rushewa. Dinanath ya rasu a 1942 cikin ƙuncin rayuwa, Lata tana 'yar shekara 12, nauyin gida ya hau kanta, ta nufi harkar fim.

Sai a shekarun 1960 aka farfaɗo da natya sangit, musamman ta hannun Jitendra Abhisheki, wanda ya tsara waƙoƙin Matsyagandha a 1964 da Katyar Kaljat Ghusali a 1967. A wannan na biyun Vasantrao Deshpande ya yi fice, labarin kuwa na gasa ne tsakanin gidajen mawaƙan fada guda biyu. An mayar da shi fim a 2015. Mai son sanin wannan waƙa ya fara da shi, sannan ya nemi tsofaffin fayafayen Bal Gandharva a intanet, ya saurara da natsuwa.