Daga koko da ƙosai zuwa shayi da zalabiya: tarihin karin kumallon Hausawan Jazira

A 2025 aka cika shekara ɗari da kammala madatsar ruwan Sennar, wadda ta raya gonakin audugar Jazira a Sudan. Masu tuna wannan tarihi sun fi maganar auduga da magudanan ruwa. Amma akwai wata gardama da ta shafi murhu: me ya sa shayi da zalabiya, wato soyayyen kwaɓin fulawa, suka sami gindin zama a gidajen Hausawan garin Mai Wurno da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu, har suka matsa wa koko da ƙosai?

Tun ƙarnuka da suka wuce mahajjata daga ƙasar Hausa ke ratsa Sudan da ƙafa, guzurinsu garin gero da ƙuli-ƙuli da kilishi, wasu su yada zango har zangon ya zama gida. Babban ayari ya zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sennar. Matan ayarin sun zo da tanda da turmi da sanin yadda ake jiƙa wake a surfe shi.

Wasu na cewa kunya ce ta canza abincin, wai jikoki sun so su saje da Larabawa don gudun a kira su Fallata ko Takari. Ban yarda ba. Mai jin kunyar girkinsa ba ya tallarsa a kasuwa, alhali agashe, wato tsiren Hausawa, ya mamaye Hartum da Wad Madani, godogodo na gero da nono kuma ya shiga bakin kowa. Wasu kuma sun ce daga Makka aka kwaso ɗabi'ar. Ai da can ma ana zuwa Makka, koko bai gushe ba.

A ganina gona ce ta canza tukunya. Daga 1925 Hausawa da yawa suka zama 'yan ƙodagon tsinkar auduga, suna zaune a matsugunan da ake kira kambo. Macen da za ta fita gona da asuba ba ta da sukunin gasarar koko ko markaɗen wake. Shayi kuwa nan da nan ya tafasa, sai hantsi ya yi a ci fatur, wato karin kumallon ful ko kisra ko asida. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, dawa ta fi gero karɓuwa a cikinta. Ladan aiki kuma kuɗi ne a hannu, ga kanti kusa.

Sai sukari da fulawa suka ƙarasa aikin. An buɗe masana'antar sukari ta Junaid a 1962, ta Sennar a 1976, sannan Kenana a farkon shekarun 1980, noman alkama kuma ya faɗaɗa a Jazira a shekarun 1970. A nan ka'ak da gurayiba da biskit na gida suka zauna daram. Ƙarshen azumi mata kan taru su kwaɓa fulawa da mai da sukari, su jera a faranti, yara su kai gidan burodin unguwa a gasa. Wannan kyakkyawar al'ada ce, kuma ta zama tamu.

Sai dai dogaro da fulawa yana da tsada. Tashin farashin burodi ne ya kunna zanga-zangar Disamba 2018 a Atbara, yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 kuma ya isa Wad Madani kafin shekarar ta ƙare, ya datse hanyoyin kasuwa. Dawa da wake a gonar gida suke fitowa. Uwar da ta koya wa 'yarta ka'ak, ta haɗa mata da waina da ƙosai, domin ranar da fulawa ta yanke su ne za su ciyar da gida.