Yadda Jita Mai Lantarki Ta Shiga Majami'un Ƙasar Haɗejiya

Wanda duk ya nufi ya ba da tarihin kiɗa a ƙasar Haɗejiya, lalle ne ya fara daga ƙofar fada, domin tun daga zamanin Sarki Sambo, wanda ya kafa mulkin Fulani a birnin cikin 1808, zuwa zamanin ɗansa Buhari, wanda labarin jaruntakarsa ya cika ƙasar Hausa, har ya zuwa ranar da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya faɗi yana kare garinsa daga rundunar Turawa cikin watan Afrilu na 1906, tambari da kakaki da algaita su ne muryar sarauta, kuma ba kowa ne yake da iznin a busa masa su ba. A bayan ganuwa kuwa, cikin fadamu da garuruwan bakin kogi, talakawa suna da nasu: gangar noma, da kalangun mahauta, da shantun mata, da garayar mafarauta, da goge. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne suka fi shan zargi, saboda da su ake kiran iskoki a wurin bori, kuma malaman jihadi sun lasafta su cikin kayan lahawu, waɗanda suke shagaltar da zuciya ga barin ambaton Allah. Wannan hukunci ya zauna daram a zukatan mutane, har ya zama ɗan mutunci ba ya son a gan shi rungume da abu mai tsirkiya.

Kiristanci ya iso wannan yanki a makare, kuma ta hanyoyi biyu. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cikin 1903 cewa gwamnati ba za ta sa hannu a cikin addininsu ba, saboda haka aka daɗe ana tsare 'yan mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi, in ban da Dokta Miller da jama'arsa ta CMS a Zariya, waɗanda su ma daga baya aka fitar da su zuwa Wusasa cikin 1929. Hanya ta farko ita ce ta jirgin ƙasa: da aka shimfiɗa dogo daga Kano, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya isa Nguru cikin 1930, sai akawuna da ma'aikatan reluwe da masu awon gyaɗa daga Kudu suka zauna a tashoshin, suka zo da addininsu da littattafan waƙoƙinsu. Ta biyu ita ce ta mishan ɗin SIM, wadda aka kafa cikin 1893, wadda kuma cikin shekarun 1930 aka sassauta mata, ta karɓi aikin jinyar kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, ta buɗe tashoshi da ɗakunan shan magani a wurare irin su Roni da Garun Gabas. A cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, a cikin 1954 kuma majami'un da SIM ta haifa suka tsaya da ƙafafunsu da sunan ECWA.

A nan ne wani al'amari ya auku wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Turawan mishan, duk da nisan da ke tsakanin aƙidarsu da ta malaman ƙasa, sai ra'ayinsu ya zo ɗaya game da garaya da goge, domin su ma sun ga cewa sabon tuba wanda jiya ya bar tsafi, in ya ji sautin da a dā yake sa shi hawan bori, zuciyarsa za ta koma inda ta fito. Saboda haka sujada ta farko a waɗannan ƙananan majami'u murya ce tsura, ana rera waƙoƙin Ingila da Amurka da aka juya zuwa Hausa cikin Littafin Waƙoƙi, a kan karin da ba ya kula da hawa da saukar harshenmu. Inda aka yi arziki kuwa, akwai ƙaramin ogan da ake taka wa feda, wanda uwargidan Bature take kaɗawa. Alhali kuwa mutanen nan suna karanta Zabura, suna ganin yadda Annabi Dawuda ya yabi Ubangijinsa da kayan kiɗa masu tsirkiya. A ganina an tauye su a nan, ko da yake niyyar masu hanin kyakkyawa ce, domin ɗan Adam ba ya sakin jiki a cikin ibada sai da sautin da ya tashi da shi.

Mata ne suka fara buɗe ƙofar. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata suka shigo da tulu, wanda ake bugun bakinsa ya ba da amo mai zurfi, da caki da ƙwarya, kayan ɗaki waɗanda ba wanda zai ce na bori ne, suka kuma riƙa tsara waƙoƙinsu da karin gida. Bayansu, cikin shekarun 1960, aka tayar da yunƙurin wa'azi na Sabon Rai Don Kowa daga Jos, matasa suka kafa ƙungiyoyin waƙa na Sabon Rai, suna yawo ƙauye ƙauye da ganguna. A wannan zamani ne kuma babban taron Katolika na Batikan, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya halatta yin sujada da harsunan mutane da kiɗansu. Rediyo ma ta yi nata aikin: gidan ELWA na Monrobiya, wanda ya fara watsa shiri cikin 1954, da Muryar Bishara, wadda ta fara watsa shiri daga Adis Ababa cikin 1963, aka kuma riƙa shirya ɓangarenta na Hausa a Jos, sun sa Kiristan da ke zaune a gefen fadamar Haɗejiya, cikin jama'a 'yar kaɗan, yana jin yadda 'yan'uwansa na nesa suke yabo.

Ita kuwa jita mai lantarki haihuwarta a Amurka aka yi, kuma lalura ce ta haife ta, domin jitar katako muryarta ƙarama ce, ƙahoni da ganguna suna danne ta. A farkon shekarun 1930 George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker suka fitar da wadda aka ɗora wa maganaɗisu naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe. In tsirkiya ta girgiza sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin wayar, a kai ta ga amfilifaya ta ƙarfafa ta, lasifika ta mayar da ita sauti. Leo Fender ya fitar da mai gangar jiki na katako tsantsa cikin 1950, da Stratocaster cikin 1954, kamfanin Gibson kuma ya fitar da Les Paul cikin 1952. Tun kafin wannan, majami'un baƙaƙen fata na Amurka sun riga sun karɓi jita, kuma Rosetta Tharpe, mawaƙiyar bishara, tana cikin waɗanda suka nuna wa duniya abin da mai lantarkin za ta iya yi. A Nijeriya kuwa ta gidajen rawa ta shigo: Bobby Benson a Ikko a ƙarshen shekarun 1940, sa'an nan makaɗan hayilayif da juju, har da Bala Miller, mutumin Zariya, wanda ya rera wannan kiɗa da Hausa. Don haka dattawan majami'u suka daɗe suna ƙyamarta da cewa kayan otal ce. Sai dai zargin otal ya fi zargin bori saurin wankuwa, kuma ta haka baƙuwa ta sami shiga ta ƙofar da aka rufe wa garaya 'yar gida.

Bayan an gama yaƙin basasa cikin 1970, mutanen Kudu da suka gudu cikin 1966 suka komo, kuɗin man fetur ya yawaita, ƙarin albashin Udoji ya sa ƙananan ma'aikata suka iya sayen rediyo da rakoda. Cikin 1973 aka ƙago aikin bautar ƙasa, wanda tun daga lokacin yake kawo samari daga jami'o'in Kudu da na Filato zuwa makarantun Haɗejiya da Kafin Hausa da Birniwa, kuma sau da yawa a cikinsu ake samun wanda ya iya kaɗa jita, ya koya wa yaran majami'a kafin shekararsa ta cika. Sababbin majami'un Fentikos suka mayar da kiɗa mai ƙarfi rukunin sujadarsu, kaset ɗin Panam Percy Paul, ɗan Adamawa mazaunin Jos, suka shiga gidaje, matasan tsofaffin majami'u suka fara matsa wa dattawa lamba cewa in ba a sayi kayan kiɗa ba, 'yan'uwansu za su ƙaura zuwa inda ake da su. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa cikin 1991, ma'aikata suka ƙaru, jama'ar majami'u ta ɗan yi kauri.

Amma fa sha'awar ta zo daidai da lokacin da kuɗi ya lalace, domin daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Majami'ar da mutanenta malaman makaranta ne da 'yan sanda da masu kanti da manoma, wadda baikonta na Lahadi da ƙyar yake riƙe fasto, ba ta da halin Fender ko Gibson na asali. Sai aka koma ga ƙannensu masu rahusa, wato Squier, wadda Fender ta fara fitarwa cikin 1982, da Epiphone ta gidan Gibson, da Yamaha Pacifica, da kuma tarin na ƙasar Sin marasa suna, da na hannu waɗanda suke fitowa daga kasuwar Alaba ta Ikko su sauka a Sabon Garin Kano. A yi ta tara gudummawa wata da watanni, mata su kawo nasu, matasa su yi noman ƙwadago, sa'an nan a tashi mutum biyu, makaɗi da dattijo mai riƙe da kuɗi, su tafi Kano.

Daga wannan fatauci ne wani ilmi ya taru a hannun makaɗan majami'u, wanda asara ce ta koyar da shi, kuma ƙasar da kanta ita ce ta shar'anta shi. Hunturun Haɗejiya yana busar da katako har ya tsuke, ƙarafan da aka jera a wuyan jita su fito gefe suna yankan yatsa, wuyan kansa ya lanƙwashe. Damina kuwa, da laimar fadama, tana sa tsirkiya ta yi tsatsa, maɓallan ƙara su riƙa ƙarar yashi. Saboda haka masani ba ya duban fenti ko sunan da aka rubuta a ka, tun da jabu ya yi yawa. Yakan ɗaga jitar ya hangi wuyanta daga ƙasa zuwa sama ya ga ko a miƙe yake, ya tabbata sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana juyawa, domin da ita ake miƙe shi in ya karkace, ya taɓa kowane gurbi ya ji ko tsirkiya tana gugar ƙarfe, ya ɗaure ta ya kaɗa ya ga ko tana riƙe sautinta. Yakan kuma fifita mai maganaɗisu tagwaye, irin wanda Seth Lover ya ƙago wa Gibson cikin shekarun 1950, domin shi ne yake kashe gurnanin da janareta da gurɓataccen haɗin waya suke jefawa cikin lasifika, alhali mai guda ɗaya, duk da zaƙin muryarsa, yana kwashe wannan gurnani dukansa.

Sha'anin amfilifaya ya fi wannan hatsari, kuma a nan aka fi yin asara. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma an sha sayo amfilifaya ta hannu da aka ƙera don can, a jona ta kai tsaye, ta ƙone kafin a ji muryarta. Mai kwalabe, wadda makaɗan Turai suke yabo, tana da nauyi da zafi da saurin fashewa a kan hanyar mota, kwalabenta kuma ba a samunsu a kusa. Mai taransista ita ce ta dace da mu, domin tana jure wahala, kuma mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wanda yake gyara na'urar ƙara sauti ta Ahuja da ke masallacin unguwa, zai iya buɗe ta ya canja abin da ya mutu. Wajibi ne a haɗa ta da na'urar daidaita wuta, a kuma tabbata wayar ƙasa tana nan, domin tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya, in wuta ta zubo, ta hannun makaɗi za ta bi. Game da ƙarfi kuwa, ɗakin da yake ɗaukar mutum ɗari ko ɗari biyu, mai rufin kwano da yake mayar da amo, wat 20 zuwa 40 da lasifika mai inci 10 ko 12 sun wadatar da shi. Abin da ya wuce haka israfi ne ta fuska biyu: yana binne muryar jama'a, wadda ita ce asalin sujada, yana kuma taɓa haƙƙin maƙwabtaka a garin da mafi yawan mutanensa Musulmi ne. Dattawan da suka san zaman wuri suna lura da lokutan salla, su sa a sassauta, kamar yadda maƙwabta nagari su ma suke ɗauke kai ga hidimar Kirsimeti.

Kogin ma yana da nasa hukunci a kan waɗannan kaya. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992, tafiyar ruwa ta sauya, kacala ta toshe hanyoyinsa, ya zama in damina ta yi ƙarfi sai ya fantsama cikin garuruwa, kamar yadda aka gani cikin 2020 da 2022 a Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa. Amfilifayar da ruwa ya kwana a cikinta da wuya ta tashi, shi ya sa a ƙauyukan fadama ake rataye jita a bango cikin jakarta, a ɗora amfilifaya a kan tebur mai tsawo, ko kuwa a kai su gidan da ke kan tudu daga watan Agusta har ruwa ya janye.

A 'yan shekarun nan allon kiɗa na Yamaha da Casio ya ƙwace wa jita shugabanci, tun da mutum ɗaya yana fitar da ganga da ogan da ƙaho daga cikinsa, kuma majami'a mai ƙaramin ƙarfi shi take fara saye. Jita ta koma mai rakiya, tana cike tsakanin baitoci, wani lokaci ma ba a saya mata amfilifaya tata, sai a jona ta a na'urar da ke ɗauke da makirufo. Tsadar fetur tun daga 2023 ta sa kunna janareta don sujadar awa uku ya zama nauyi, saboda haka majami'u da dama sun koma ga faifan hasken rana da batir, masu sayen amfilifaya kuma yanzu tambayarsu ta farko a Sabon Gari ita ce ko tana aiki da batir, ta biyu kuma awa nawa take yi kafin ya ƙare.