Gandu

gandū *sn., nmj.*, *jam.* gandā̀yē.

1. Babbar gonar gida, wadda iyali ke ci daga rumbunta. *Mis.: A Dungu ta ƙasar Matamaye, hatsi da wake ake shukawa a gandu.*

2. Zaman da ƴaƴa maza, ko sun yi aure, ke noma ƙarƙashin uba ko wa. Shi kuma ya ciyar, ya biya haraji, ya aurar. Rabon gado da cirani na raunana wannan zaman. *Mis.: Sun raba gandu bayan rasuwar maigida.*

3. *tar.* gandun sarki: gonar da bayi da talakawa suka noma wa sarauta.

4. gandun daji: dajin da hukuma ta keɓe.

*Dub.* gayauna, rinji, gayya.