Dokokin hayaƙin motocin a-kori-kura masu amfani da dizal

Duk wanda ya bi hanyar Kachia ko ya ratsa Kakuri da Sabon Tasha, a kudancin kogin Kaduna, ya saba ganin motocin ɗaukar kaya suna tirniƙe titi da baƙin hayaƙi.

Yankin ne cibiyar masana'antun birnin, inda kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, aka kuma buɗe matatar mai a 1980. Manyan motoci da a-kori-kura ba sa yankewa a nan, ko da yake da yawa daga cikin ƙirar Hilux da ke Najeriya fetur suke sha.

A 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu.

Abin da doka ta tanada

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, ta fitar da dokokin taƙaita hayaƙin injinan fetur da na dizal a 2011. Fitar da hayaƙi fiye da kima kuma yana cikin laifuffukan da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke cin tara a kansu.

A jihar Kaduna, gwamnatin Nasir El-Rufai ta rushe ofishin duba motoci na VIO a farkon mulkinta, aikin kula da tituna ya koma hannun hukumar da aka sani da KASTLEA.

Gwajin kansa ba shi da wuya. Ana zura na'ura a bakin salansa, direba ya taka totur, ita kuma ta auna kaurin hayaƙin.

Dalilin cire matata

Sababbin injinan dizal na Turai da Amurka suna zuwa da matata a cikin salansa, wadda ke kama kunkunniya ta kuma ƙone ta lokaci-lokaci. Wasu suna da tankin ruwan AdBlue mai rage iskar da ke fusata huhu.

To amma an ƙera waɗannan kayayyaki ne domin man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kamar yadda Turai ta wajabta tun 2009. A Najeriya kuwa an daɗe ana halatta har kashi 3,000.

Da irin wannan mai matatar kan toshe, ƙarfin mota ya ragu, fitilar gargaɗi ta kama. Sabuwa tana da tsada, saboda haka mai mota kan nemi bakanike ya fasa ta ya zubar, a kuma sauya lissafin kwamfutar motar don kada ta lura. Motar takan farfaɗo, amma kunkunniyar da a da ake kamawa sai ta koma hancin masu talla da 'yan acaɓa.

Bayan rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan a 2016 kan gurɓataccen man da ake kai wa Afirka, Najeriya ta yi alkawarin rage adadin zuwa kashi 50, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da wannan ma'auni ga ƙasashenta. Matatar Dangote ta fara fitar da dizal a 2024.

A Amurka, inda uzurin mai ba ya nan, masu a-kori-kura kan cire matatar ne domin ƙarin gudu. Hukumar kare muhallin ƙasar ta ƙiyasta a 2020 cewa an yi wa motoci fiye da 550,000 haka cikin kimanin shekaru 10. A ƙarshen 2023 kamfanin Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 bisa zargin sanya manhajar kauce wa gwaji a injinan motocin Ram.