Ƙofa

ƙofa (suna, mace, jam'i: ƙofofi)

1. Wurin shiga da fita a ɗaki, gida ko gari. Abin da ake rufe ta da shi ƙyaure ne, ko da yake yanzu mutane sun haɗe su, sai ka ji an ce "kafinta ya kawo ƙofa". Da can akan saya ƙofar ɗaki da asabari ko tufaniya. Yau ƙyauren kwano da na katako sun ja baya, na ƙarfe ake yayi saboda ɓarayi. A masana'antun Challawa, kusa da Panshekara, da na Sharaɗa da Bompai a Kano, babbar ƙofar da tirela ke shiga get ake ce mata, da 'yar ƙarama a jikinta wadda maigadi ke buɗe wa ma'aikata.

2. Mashigar ganuwa, kamar na Kano: Ƙofar Na'isa, Ƙofar Kabuga, Ƙofar Mata. Mai kula da ita Sarkin Ƙofa.

3. Dama: ya samu ƙofar magana. Ƙofar rago: mafitar da ake bar wa wanda aka ritsa.

4. A sarauta, mutumin da ake bi ta hannunsa a isa ga sarki. Da can Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Kano wurin Sarkin Musulmi.